Manhajojin kwamfuta da ake tsara tukwanen nukiliya da su

Akwai tukwanen nukiliya fiye da 400 da ke samar da wutar lantarki a ƙasashe kimanin 30, kuma daga gare su ne ake samun kusan kashi goma cikin ɗari na lantarkin da duniya ke amfani da shi.

Kafin a aza harsashin ginin irin wannan tukunya a wannan zamani, sai an fara gina ta a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, an kunna ta, an kashe ta, an kuma jarraba ta da haɗurra iri-iri. Da manhajoji na musamman ake yin wannan aiki, kuma hukumomin da ke sa ido kan harkar nukiliya ba sa bayar da lasisi sai sun gamsu da sakamakon lissafin da aka gabatar musu.

Dalili shi ne, tukunyar nukiliya ba abin da ake koyon sarrafa shi ta hanyar gwaji da kuskure ba ne. Kuskure ɗaya yana iya jawo asarar rayuka, da gurɓacewar ƙasa da ruwa na shekaru masu yawa.

Mece ce zuciyar tukunya?

Ɓangaren da ke tsakiyar tukunyar, inda ake jera makamashin, shi ake kira zuciyar tukunya. A nan ne ƙwayoyin zarra na sinadarin yuraniyom ke tsagewa su fitar da zafi. Zafin ne ke samar da tururi, tururin kuma ya juya injin da ke ba da lantarki.

A irin tukwanen da suka fi yawa a duniya, wato masu amfani da ruwan da aka matse, ana dunƙula makamashin ne ƙanana-ƙanana, kowane dunƙule bai wuce kan ɗan yatsa ba. Ana zuba su cikin siraran bututai masu tsawon kusan mita huɗu, sannan a ɗaure bututan dami-dami. A wani fitaccen tsari, dami guda yana ɗauke da sanduna 264, babbar tukunya kuma tana ɗaukar dami 193, wato sanduna fiye da dubu 50 ke nan.

Yuraniyom da ake haƙowa daga ƙasa yana ɗauke da nau'in da ke saurin tsagewa, wato yuraniyom 235, da bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Don haka ake tace shi har ya kai kashi uku zuwa biyar cikin ɗari kafin a sa shi a yawancin tashoshin lantarki.

Idan wani ƙanƙanin ɓurɓushi da ake kira niyutiron ya faɗa cikin ƙwayar yuraniyom 235, sai ta tsage ta saki zafi tare da wasu niyutiron biyu ko uku. Daga cikinsu wasu kan sulale waje, wasu kuma ruwa ko ƙarfe ya haɗiye su, sauran su je su tsaga wasu ƙwayoyin.

Abin da injiniyoyi ke nema shi ne daidaito: daga kowace tsagewa, a samu niyutiron ɗaya tak da zai haddasa wata tsagewar. Masana na auna wannan da wani adadi da suke yi wa laƙabi da harafin k. Idan k ya tsaya a kan ɗaya, ƙarfin tukunyar zai tsaya yadda yake. Idan ya gaza ɗaya, wutar za ta mutu. Idan kuwa ya haura, ƙarfin zai riƙa ƙaruwa.

Abin da ke ba ɗan Adam damar sarrafa wannan lamari shi ne, wani ɗan kaso na niyutiron ɗin, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, ba ya fitowa nan take, sai bayan wasu daƙiƙoƙi. Wannan jinkiri ne ke ba da sararin zura ko zare sandunan sarrafawa, waɗanda ake yi da sinadarai masu haɗiye niyutiron kamar boron da kadmiyom.

Tambayoyin da manhaja ke amsawa

Aikin manhajar shi ne ta bi diddigin niyutiron a kowane lungu na zuciyar tukunya, ta faɗi yawansu, da saurinsu, da inda suka nufa.

Lamarin yana da sarƙaƙiya. Niyutiron na fitowa da gudun kusan kilomita dubu 20 a daƙiƙa guda, sai ya yi ta karo da ƙwayoyin ruwa har gudunsa ya sauko zuwa kimanin kilomita biyu a daƙiƙa, a lokacin ne ya fi saurin tsaga yuraniyom 235. A kowane mataki na wannan gudu, yiwuwar a haɗiye shi ko ya kauce tana canzawa.

Bugu da ƙari, komai na cikin tukunyar yana shafar ɗan'uwansa. Idan ruwa ya ƙara zafi sai kaurinsa ya ragu, hakan ya sauya yadda yake rage gudun niyutiron. Idan makamashin ya yi zafi, yadda yake haɗiye niyutiron ya canza. Yayin da watanni ke tafiya kuma, yuraniyom na ƙonewa, sinadarin fulutoniyom na samuwa, ana kuma tara wasu sinadaran da ke shaƙe wutar, musamman wanda ake kira zenon 135.

Saboda haka ake son manhajar ta amsa tambayoyi kamar haka: wace sanda ce za ta fi kowace zafi, kuma shin zafin zai kai inda bututunta zai lalace? Sandunan sarrafawa za su iya kashe tukunyar ko da ɗaya daga cikinsu ta maƙale? Wata nawa makamashin zai yi kafin ƙarfinsa ya ƙare?

Wannan lissafi ba sau ɗaya ake yin sa ba. Galibi bayan kowane wata 18 zuwa 24 akan tsayar da tukunya, a cire kimanin kashi ɗaya cikin uku na makamashin, a sa sabo, a kuma sauya wa sauran wuri. Kowane sabon jeri sai an sake lissafa shi. Jeri mai kyau yana rage wa kamfani kashe kuɗi masu yawa, marar kyau kuma yana iya tara zafi a wuri guda.

Daga alƙalami zuwa kwamfuta

Tukunyar nukiliya ta farko da ɗan Adam ya ƙera ta fara aiki ne ranar 2 ga watan Disamba na 1942 a Jami'ar Shikago da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Enrico Fermi, masanin kimiyya ɗan asalin Italiya. Tulin tubala ne na girafait, wato baƙin sinadarin nan da ke cikin fensir, da dunƙulen yuraniyom a tsakaninsu. Da alƙalami da rular lissafi aka tsara ta, kuma ƙarfin da ta bayar a ranar bai wuce rabin wat ba.

A shekarar 1946, wani masanin lissafi ɗan asalin Poland mai suna Stanislaw Ulam, wanda ya yi aiki a cibiyar Los Alamos, yana jinya yana ɗebe kewa da wasan karta na mutum ɗaya. Sai ya lura cewa maimakon ya wahalar da kansa wajen lissafa yiwuwar cin wasan, zai fi sauƙi a buga shi sau da yawa a ƙirga sau nawa aka ci. Ya ga kuma cewa haka za a iya yi wa tafiyar niyutiron.

Ya kai wa John von Neumann wannan shawara, abokin aikinsu Nicholas Metropolis kuma ya raɗa wa dabarar suna Monte Carlo, sunan wata unguwa a Monako da ta shahara da gidan caca. A 1948 aka fara gwada ta a kan ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, kuma Klara von Neumann na cikin waɗanda suka rubuta umarnin da na'urar ta bi. Wancan lissafi na farko ya shafi makaman nukiliya ne, abin da ya sa har yau gwamnatoci ke sa ido kan irin waɗannan manhajoji.

Hanyoyi biyu na lissafi

Manhajojin sun kasu gida biyu.

Kashi na farko su ne masu bin dabarar Monte Carlo. Kwamfuta kan ƙirƙiro niyutiron guda, ta bi shi tun daga haihuwarsa har ƙarshensa. A duk inda ya yi karo, sai ta jefa ƙuri'a bisa ma'aunin da aka samo daga gwaje-gwaje, domin sanin ko za a haɗiye shi, ko zai kauce, ko zai tsaga ƙwaya. Sai ta maimaita haka ga miliyoyi ko biliyoyin niyutiron, ta fitar da matsakaicin sakamako.

Abin ya yi kama da mai sayen gero da ke zura hannu a wurare daban-daban na buhu domin sanin ingancinsa. Iya yawan ɗibar da ya yi, iya kusantarsa da gaskiya. To sai dai akwai tsada: kafin a rage kuskuren lissafin da rabi, sai an ninka yawan niyutiron ɗin sau huɗu. Amfanin dabarar shi ne tana iya ɗaukar siffar tukunya yadda take, komai sarƙaƙiyarta.

Kashi na biyu kuwa su ne masu warware ƙa'idar lissafin tafiyar niyutiron kai tsaye, ba tare da ƙuri'a ba. Suna yanka zuciyar tukunya zuwa ƙananan akwatuna, su kasa gudun niyutiron rukuni-rukuni, sannan su lissafa abin da ke shiga da abin da ke fita daga kowane akwati.

Kamfanonin lantarki sun fi dogara da wannan hanya saboda saurinta, kuma a mataki biyu suke bin ta. Da farko a lissafa dami ɗaya dalla-dalla, a taƙaita halayensa zuwa 'yan alƙaluma. Daga nan a harhaɗa damman duka a lissafa zuciyar baki ɗaya. Ta haka aikin da zai ɗauki kwanaki yakan ƙare cikin mintuna, ko da yake taƙaitawar na rage wani abu daga cikin daidaiton sakamakon.

Fitattu daga cikinsu

A ɓangaren Monte Carlo, wadda ta fi shahara ita ce MCNP ta cibiyar Los Alamos, wadda ta fara fitowa da wannan suna a 1977, kuma har yanzu ana sabunta ta. Faransa na da TRIPOLI, Rasha na da MCU ta cibiyar Kurchatov. A Finland, Jaakko Leppänen na cibiyar bincike ta VTT ya fara rubuta Serpent a 2004, yayin da aka fara OpenMC a jami'ar MIT ta Amurka a 2011.

A ɗaya ɓangaren akwai WIMS, wadda aka fara a cibiyar Winfrith ta Ingila tun shekarun 1960, da APOLLO ta hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, da DRAGON ta wata kwalejin fasaha a birnin Montreal na Kanada. Kamfanin Studsvik, mai asali a Suwidin, shi ke da CASMO da SIMULATE, waɗanda tashoshin lantarki da dama ke tsara jerin makamashinsu da su. Cibiyar Oak Ridge ta Amurka kuma tana da tarin manhajoji mai suna SCALE.

Akwai kuma wani rukuni da ke kula da zafi da gudanar ruwa, kamar RELAP5 da TRACE. Su ne ake tambaya abin da zai faru idan bututun ruwa ya fashe ko famfo ya tsaya. Muhimmancinsu ya fito fili ne saboda ko an kashe tukunya, makamashin na ci gaba da fitar da zafin da ya kai kashi shida zuwa bakwai cikin ɗari na ƙarfinta a daƙiƙoƙin farko, sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali. Rashin sanyaya wannan zafi ne ya narkar da zukatan tukwane uku a tashar Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011.

Taskar alƙaluma

Komai ƙwarewar manhaja, abin da aka shuka mata shi za a girba. Tana buƙatar alƙaluman da ke bayyana yadda kowane irin sinadari ke mu'amala da niyutiron a kowane mataki na gudu, kuma ana samun waɗannan ne daga gwaje-gwajen da aka shafe shekaru fiye da 70 ana yi.

An tattara su a manyan taskoki: ENDF ta Amurka, da JEFF ta ƙasashen Turai da ƙawayensu, da JENDL ta Japan, da CENDL ta China, da BROND ta Rasha. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke birnin Vienna, tana da sashe na musamman da ke haɗa kan masu wannan aiki. Wani lokaci manhaja ɗaya kan ba da amsoshi masu ɗan bambanci idan aka sauya mata taska, kuma wannan bambanci na daga cikin abin da injiniyoyi ke la'akari da shi wajen barin rata tsakanin inda tukunya ke aiki da inda haɗari yake.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kafin a amince da manhaja, ana yi mata jarrabawa iri biyu. Ta farko ita ce a tabbatar tana warware lissafin da aka ba ta daidai, babu kuskuren rubutu. Ta biyu kuma a tabbatar amsarta ta dace da abin da aka auna a zahiri.

Don haka ake komawa ga tsofaffin gwaje-gwaje, irin su Godiva da Jezebel, wasu curin yuraniyom da fulutoniyom da aka auna a Los Alamos a shekarun 1950. Tun daga 1992 wani shiri, wanda daga baya ya zama na ƙasa da ƙasa, yake tattara dubban irin waɗannan gwaje-gwaje a kundi guda domin auna manhajoji da su.

Duk da haka kuskure kan auku. A watan Maris na 1979, hukumar sa ido kan nukiliya ta Amurka ta ba da umarnin tsayar da tukwane biyar, bayan an gano kuskure a manhajar da aka lissafa juriyar bututansu ga girgizar ƙasa da ita. Ba a yi haɗari ba, amma tashoshin sun shafe watanni a rufe.

Haɗarin Chernobyl na ranar 26 ga Afrilu 1986 ya nuna wani darasin na daban. Tsarin zuciyar wannan tukunya ta Tarayyar Soviet yana da aibi biyu: idan ruwa ya zama tururi ƙarfinta na ƙaruwa maimakon ya ragu, kuma a wani yanayi, zura sandunan kashewa kan fara ƙara wutar a ƙasan tukunyar kafin ya rage ta. An lura da aibi na biyun tun 1983 a tashar Ignalina ta Lithuania, amma ba a gyara ba sai bayan haɗarin. Rahoton da ƙwararrun IAEA suka fitar a 1992 ya ɗora kaso mai yawa na laifin a kan tsarin tukunyar, ba a kan ma'aikata kaɗai ba.

Wa ke da ikon samun su?

Ba kowa ke iya mallakar waɗannan manhajoji ba. MCNP, alal misali, tana ƙarƙashin dokokin Amurka na taƙaita fitar da fasaha, kuma sai an tantance mutum da ƙasarsa da abin da zai yi da ita kafin wata cibiya da ke Oak Ridge ta ba shi. Na kamfanoni kuwa da kuɗi masu yawa ake sayen lasisinsu.

Masu goyon bayan wannan tsari na cewa yana hana ilimin faɗawa hannun masu neman ƙera makamai. Masu suka kuma na ganin yana tauye ɗalibai da masu bincike na ƙasashe masu tasowa, waɗanda ke neman ilimin domin ayyukan zaman lafiya.

Fitowar OpenMC ta sauya lamarin zuwa wani matsayi, domin kyauta ce, kowa na iya sauko da ita daga intanet, ya duba yadda aka rubuta ta, ya kuma ba da gyara.

Misalin Zariya da Accra

A Najeriya akwai tukunyar bincike guda ɗaya mai suna NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙirar China ce, ta fara aiki a 2004, kuma ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne. Ba ta samar da lantarki. Ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da kuma horar da ɗalibai. Ghana na da irinta a kusa da birnin Accra tun 1994.

Zuciyar irin wannan tukunya ba ta wuce girman bokiti ba, da sandar sarrafawa guda ɗaya a tsakiya. To amma makamashinta na asali yuraniyom ne da aka tace zuwa kusan kashi 90 cikin ɗari, wato matakin da ake ƙera makami da shi, ko da yake adadin kaɗan ne.

A 2006 hukumar IAEA ta ƙaddamar da wani shirin bincike na haɗin gwiwa domin sauya makamashin waɗannan tukwane zuwa wanda bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Tambayar ita ce, yaya za a yi hakan ba tare da tukunyar ta rasa amfaninta ko amincinta ba?

A cikin kwamfuta aka fara neman amsar. Masana na Zariya da na Ghana, tare da takwarorinsu na China da na cibiyar Argonne ta Amurka, sun gina siffar tukwanen a cikin MCNP, suka tabbatar lissafin ya dace da abin da aka auna a tsohuwar zuciyar, sannan suka jarraba sababbin nau'o'in makamashi. Sun kuma yi amfani da wata manhaja mai suna PARET domin ganin abin da zai faru idan ƙarfin ya yi tashin gaggawa. A ƙarshe aka tsayar da makamashin da aka tace zuwa kashi 13 cikin ɗari, aka kuma gwada shi a China kafin a kawo shi.

Ghana ta kammala sauyin a 2017, Najeriya kuma a 2018, inda a watan Disamba na shekarar aka mayar da tsohon makamashin China.

Inda aka nufa

Ƙaruwar ƙarfin kwamfuta ya sa ana ƙoƙarin haɗa lissafin niyutiron da na zafi da na ruwa da na juriyar ƙarfe a wuri guda. Daga 2010 zuwa 2020, wani shiri na gwamnatin Amurka mai suna CASL ya samar da manhajar VERA, wadda aka yi hasashen yadda tukunya ta biyu ta tashar Watts Bar a jihar Tennessee za ta kasance da ita, lokacin da aka kunna ta a 2016. A 2022 kuma kwamfutar Frontier da ke Oak Ridge ta kai ga yin lissafi fiye da biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, kuma an yi amfani da ita wajen kwaikwayon ƙananan tukwane na zamani.

A nahiyar Afirka, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke samar da lantarki da nukiliya, yayin da Masar ta fara gina tashar El Dabaa mai tukwane huɗu ƙirar Rasha a 2022. Najeriya da Ghana da Kenya na cikin ƙasashen da suka bayyana sha'awar bin sahu.

Duk ƙasar da ta sayi tukunya, mai sayarwar ne zai kawo mata lissafin da ke nuna cewa babu haɗari. Alhakin bincika wannan lissafi da amincewa da shi kuwa yana wuyan hukumar sa ido ta ƙasar da ta saya, kuma ba za ta iya sauke shi ba sai tana da nata masanan da suka iya aiki da waɗannan manhajoji.